Kifin Kogin Haɗeja: na wace ƙaramar hukuma ne?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya ba tare da sun bi ta hannun gwamnoni ba, wata tambaya ta shiga bakin masunta da masu banda a ƙasar Haɗeja. Idan ciyaman ya samu cin gashin kansa, ruwan da ya ratsa yankinsa ma ya zama nasa ke nan? Mutumin Guri zai iya hana masuncin Kirikasamma jefa birgi a tafkinsu? Wanda ya taso da kwale-kwalensa daga Auyo zai yanki tikiti a kowace iyaka kafin ya isa inda kifi yake?

Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma tambayar ba ta jira shi ba. Kuma akwai kuskuren fahimta iri biyu a cikinta. Wasu na ganin ruwa ya zama mallakar ƙaramar hukuma, ta yi yadda ta ga dama da shi. Wasu kuma na ganin ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa sam, harkar ruwa ta Dutse ce da Abuja. Duka biyun ba haka abin yake ba.

Abin da doka ta bai wa kowa

Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba harkar su, wato kamun kifi, gida biyu. Su na teku yana cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma a wannan wurin dai kundin ya cire su na koguna da tafkuna da sauran ruwayen cikin ƙasa daga jerin, abin da ke nufin majalisun jihohi ne ke da hurumi a kansu. Akwai kuma dokar soja ta 1992 kan su a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki.

Ƙaramar hukuma fa? Jadawali na huɗu na kundin ya lissafa ayyukanta, kuma uku daga ciki sun shafi masunci kai tsaye: ba da lasisin kwale-kwale, tare da na keke da baro da amalanke; kafa kasuwanni da kula da su; da sa hannu a bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai. Wato ba ta mallaki kogi ba, ba ta mallaki kifin da ke ciki ba. Abin da ke hannunta shi ne jirgin da ake shiga ruwa da shi, da kasuwar da ake kai kifin. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya riƙe wuyan sana'ar, ko da kuwa takarda ba ta ce ruwan nasa ne ba.

Shi kuwa ruwan kansa, yawansa da lokacin zuwansa, yana wani hannun daban. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Calawa ta 1992 duk suna jihar Kano, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce. To kun ga masu iko uku a kan kogi ɗaya: Abuja na riƙe da makullin ruwa, jiha na riƙe da doka, ƙaramar hukuma na riƙe da rasit. Na huɗunsu, wanda kundin bai ambata ba amma ya girme su duka, shi ne sarkin ruwa.

Tarwaɗa ba ta san iyaka ba

Duk maganar haɗin gwiwa daga nan ta samo tushe, don haka bari mu ɗan tsaya a kai.

Kogin Haɗeja na shigowa Jigawa daga Kano, ya ratsa ƙasar Ringim da Taura da Miga, ya wuce Auyo da Haɗeja. Daga gaban Haɗeja sai ya rarrabu: reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, ga Burum Gana, ga tsohon kogin, su bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri da Birniwa kafin su shiga Yobe. Can wajen Gashuwa ruwan Haɗeja ke haɗuwa da na Jama'are, su zama Kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Cadi.

Kifin wannan ruwa da ambaliya yake rayuwa. Da zarar sabon ruwa ya fara hawa cikin damina, tarwaɗa da ƙurungu da kawara sai su bar kwarin kogi su bi ruwan zuwa cikin ciyawar da ya malale. Nan suke zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke samun abinci da mafaka daga manyan da ke cinsu. Ruwa na kai wa maƙura wajen Agusta zuwa Satumba. Idan ya fara janyewa da kaka, ƙananan kifin da suka ɗan tasa sai su yi tururuwa su bi ƙananan hanyoyin ruwa su koma kogi da tafkuna masu zurfi, inda za su yi rani.

Ma'anar wannan ita ce, kifin da aka ƙyanƙyashe a fadamar wata ƙaramar hukuma, a wata zai yi girma, a wata kuma za a kama shi. Wanda ya bari 'ya'yan kifi suka wuce ta gabansa bai taɓa su ba, ba lallai shi zai ci moriyar haƙurinsa ba. Wanda ya tare hanya ya kwashe su kuwa, ribar tasa ce shi kaɗai, asarar ta kowa da kowa.

Ga dumba a matsayin misali. Jerin gurar Mali, wani irin tarkon kifi, ne ake kafawa daga wannan gaɓa zuwa waccan, a toshe hanyar ruwa baki ɗaya a daidai lokacin da kifi ke komawa. Mai dumba ba mahaukaci ba ne, lissafinsa daidai yake: in bai tare ba, na gabansa zai tare. Haka mai jan taru da ragar gidan sauro, wadda ko ɗan kifin da bai kai ɗan yatsa ba ba ya tsira daga gare ta. Haka mai zuba gamalin, gubar kashe ƙwari, a kududdufi da rani, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya bar wa dabbobi da mutane gurɓataccen ruwa. Wannan na ƙarshe kam ba ni da wani uzuri da zan nema masa.

Yanzu a ce ciyaman ɗaya mai kishi ya hana dumba da gidan sauro a yankinsa. Me zai faru? Masu kayan za su tura jiragensu kilomita kaɗan su kafa a maƙwabciyar ƙaramar hukuma. Masuntan mai kishi su zauna suna kallo, kifin da suka ƙyale ana kwashe shi a gaba. Kafin shekara ta zagayo su da kansu za su je su roƙe shi ya janye dokar. Dokar su da ta tsaya a iyakar ƙaramar hukuma ɗaya hukunci ce a kan masu biyayya kawai.

Ba laifin masunta kaɗai ba ne

Zalunci ne a ɗora wa masunci duk laifin ƙarancin kifi. Madatsun Kano sun canza ɗabi'ar kogin. A da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, da rani kuma ya ƙafe a wurare da yawa. Yanzu ƙarfin ambaliyar ya ragu a shekarun da ba a yi ruwa sosai ba, sannan ana sakin ruwa da rani domin noman rani, ƙasa ba ta bushewa. Wannan yanayi shi kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta karkatar da kogi: wani gari ruwa ya cinye gonakinsa shekara da shekaru, wani kuma fadamarsa ta bushe. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta suna cinye shinkafa da gero. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa garuruwan bakin kogin nan ya san toshewar hanyar ruwa ba maganar kifi kaɗai ba ce.

Kacala ma darasin haɗin gwiwa ce. Gari ɗaya ya fito gayya ya share nasa ɓangaren, in na gaba bai share ba, ruwan zai dawo ya kwanta inda yake.

Yadda mutanen bakin teku suka ɓullo wa abin

Mu ba mu da teku, amma matsalar da muke ciki ta daɗe tana cin mutanen gaɓar teku, kuma wasunsu sun yi nisa wajen neman mafita.

Ƙasar Filifin ta fi kowa kama da tambayarmu. Dokar ƙananan hukumominsu ta 1991 da dokar su ta 1998 sun miƙa wa kowace ƙaramar hukuma ikon ruwan teku har kilomita 15 daga gaɓa. Ita ke ba da lasisi, ita ke kama mai laifi. Nan take matsalar ta bayyana: mashigin teku ɗaya, ƙananan hukumomi uku ko biyar na kewaye da shi, kowace da dokarta, masu kamun kifi da nakiya kuma na tsallake iyaka su tsere. Dokokin nan dai sun ba su damar haɗa kai, sai suka fara kafa ƙawance. A 1996 ƙananan hukumomin Anilao da Banate da Barotac Nuevo a lardin Iloilo suka kafa majalisa ɗaya ta kula da mashigin Banate da suke tarayya a kansa. Tsarin irin wannan ƙawance ba shi da wuyar ganewa: kowace ƙaramar hukuma na zuba kuɗi a asusu ɗaya, a daidaita doka ta zama iri ɗaya, a yi sintiri tare, masunta kuma su samu kujera a majalisar da ke ba da shawara. Inda ƙawancen ke rauni shi ne lokacin da aka yi zaɓe, sabon shugaba ya zo ya daina biyan kasonsa. Wannan ciwo mun san shi.

A Alanya da ke gaɓar Turkiyya kuwa masuntan ne da kansu suka tsara abin. Kowace Satumba a rubuta sunayen masu izinin su da wuraren da ake kafa raga, a yi ƙuri'a, kowa ya samu wurin farawa. Daga nan kullum kowa ya matsa wuri na gaba, ta yadda babu wanda zai dawwama a wuri mai albarka, babu wanda zai dawwama a maras kifi. Marigayiya Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi amfani da wannan misali da ire-irensa ta nuna cewa dukiyar tarayya ba dole ta lalace ba, muddin masu cin moriyarta na da hannu a kafa doka, an san wa ke ciki, akwai mai sa ido, kuma hukunci na hawa daki-daki.

Akwai kuma inda abin ya ɓaci. A Tafkin Biktoriya, Kenya da Tanzaniya da Uganda sun kafa kwamitocin masunta a kowace tashar jirage. A Uganda aka yi ta ƙorafin cin hanci da haɗa baki da masu haramtattun raga, har Shugaba Museveni ya dakatar da kwamitocin a 2015, daga baya a 2017 ya tura sojoji cikin tafkin. Aka ƙona jirage da raga, masunta da dama suka rasa sana'a, aka yi ta kuka da duka da cin zarafi. Kwamitin da ya zama wurin karɓar na goro, ƙarshensa bindiga ce ke maye gurbinsa, kuma talaka ne ke shan wuyar.

Ko a nan gida, dokar su ta teku ta hana manyan jirage masu jan raga shiga mil biyar na farko daga gaɓa, domin a bar wa masu kwale-kwale. Masuntan gaɓar Legas zuwa Akwa Ibom sun daɗe suna kukan cewa jiragen na shigowa. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta da mai gadi a kusa.

Sarkin ruwa

Abin da ya sa nake ganin mun fi wasu sa'a shi ne ba daga sifiri za mu fara ba. Tun kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, tun ma kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tafkunan ƙasar nan suna da masu su. Sarkin ruwa ko bulama shi ke cewa an rufe tafki kaza, shi ke sa ranar buɗewa, a yi shela, garuruwan kewaye su zo da homa da gora a yi su na gayya. Wanda ya saci hanya ya shiga kafin ranar, an san shi, an san gidansu. Argungu ta shahara ne da wannan al'adar: ana killace kogin Matan Fada, ba a taɓa kifinsa sai ranar biki. Abin da masana ke kira lokacin hutun ruwa, kakanninmu sun riga su yi.

Na tashi na ga ƙarshen wannan tsari da idona. Ina yaro nakan bi kawuna bakin tafki, kuma ban taɓa ganin ya jiƙa raga ba kafin a yi shela, ko da gidan babu cefane. Daga baya na ga lokacin da mai karɓar haraji ya fara zuwa da rasit, wanda ya biya ya shiga, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Ranar da rasit ya fi maganar sarkin ruwa ƙarfi, ranar tafkin ya zama na mai kuɗi.

Ba ina cewa sarakunan ruwa mala'iku ba ne. Akwai waɗanda da hannunsu suke sayar da wurin kafa dumba, akwai masu fifita dangi, kuma ikon kowannensu a tafkin garinsa ya tsaya, bai kai ga kogin da ya ratsa ƙananan hukumomi goma ba. Abin da suke da shi wanda ciyaman ba shi da shi shi ne sanin ruwa da sanin mutane, kuma ba sa sauka bayan zaɓe. Abin da ciyaman ke da shi wanda ba su da shi shi ne dokar da kotu za ta karɓa, da kuɗin man jirgin sintiri. Masarautar Haɗeja ita kaɗai ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Inuwar da za a zauna a ƙarƙashinta tana nan, ba sai an gina sabuwa ba.

Masu ja da wannan magana

Ciyaman zai ce kuɗin shigarsa na cikin gida bai taka kara ya karya ba, harajin jirage da na kasuwar kifi na daga cikin 'yan abubuwan da ke shigowa, don me zai zuba shi a asusun da ba shi kaɗai ke riƙe da makulli ba? Wanda fadamarsa ce wurin haihuwar kifi zai ƙara da cewa shi za a ce ya rufe ruwa wata biyu ko uku, amma babbar kasuwa na wani gari, can harajin ke taruwa. Wannan ƙorafi gaskiya ne. Duk yarjejeniyar da ba ta mayar wa masu gadin ƙwai da wani kaso daga harajin kasuwa ba, ba za ta ga damina ta biyu ba.

Ma'aikatar jiha za ta ce doka tata ce, jami'an kifi nata ne, ƙawancen ƙananan hukumomi zai zama kishiya. A ganina jiha ce ma ya kamata ta ɗaura auren. Majalisar dokokin Jigawa na iya yin dokar da za ta amince da ƙawancen, ta wajabta kason kowa, yadda sabon ciyaman ba zai wayi gari ya fice ba. Kuma an taɓa yin makamancin haka a matakin sama: a 2006 jihohi shida da ke cin wannan ruwa, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, sun amince da kafa asusun haɗin gwiwa na kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Yobe. In jihohi sun iya zama a tebur ɗaya, Guri da Kirikasamma ba su da hujjar kasawa.

Sai masunci talaka, wanda maganarsa ta fi nauyi. Shi abin da ya kama yau shi za a ci yau. Ka ce masa ya ajiye raga wata biyu, me zai kai gida? Sa'ar da aka yi ita ce lokacin haihuwar kifi ya zo daidai da lokacin noma, kuma yawancin masuntanmu manoma ne. Amma akwai waɗanda ba su da ko taƙi ɗaya, akwai baƙin masunta da ke bin ruwa daga wasu jihohi, akwai wanda duk jarinsa ragar nan ce mai ƙananan ido da ya ci bashi ya saya. Ƙwace masa ita a ƙona ba tare da an musanya masa da wata ba, tura shi ne cikin yunwa. Aikin sharar kacala da ake biya a lokacin hutun ruwa na iya rufe wani ɓangare na wannan giɓi, kuma masunci ya fi kowa iya aiki a cikin ruwa.

Abin da zai canza a rayuwar mutane

In kowace ƙaramar hukuma ta ja nata, abin da za a fara gani shi ne yawan shingaye. Tikitin jirgi a nan, tikitin jirgi a can, harajin kwali a kowace mahaɗa kafin banda ta isa kasuwar Haɗeja, balle ta hau motar Kano ko ta Kudu. Dillali ba zai yi asara ba, zai rage abin da yake biyan masunci, ya ƙara wa mai saye. Matan da ke banda da suya a ƙauyuka, waɗanda ribarsu 'yar kaɗan ce a kan kowane kwando, su za su fara fita daga sana'ar. Sannan rigimar ɗan gari da baƙo za ta samu takardar hukuma da za ta jingina da ita, a yankin da dama yana fama da rikicin manoma da makiyaya a kan fadamun nan.

In kuma an haɗa kai, ba sai an fara da babban ofishi da motoci ba. Ranar rufewa da ranar buɗewa su zama ɗaya daga Miga har iyakar Yobe. Girman idon raga ya zama ɗaya, kuma a duba shi a kasuwa, domin ya fi sauƙi a hana sayar da 'ya'yan kifi a rumfa da a bi kowane jirgi cikin kacala. Lasisin kwale-kwale guda ya yi aiki a duk ƙananan hukumomin ƙawancen. Dumba kuwa, in ba za a iya hana ta gaba ɗaya ba, a wajabta barin ƙofa a tsakiyar hanyar ruwa.

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafa ta ba. Ciyaman ɗaya ya je ofishin hukumar raya koguna a Kano yana roƙon a saki ruwa daga Tiga da Calawa a lokacin da kifi ke haihuwa, za a ba shi kujera da ruwan sha a sallame shi. Ciyamomi goma da sarakunan ruwansu, da takarda ɗaya mai ɗauke da watan da suke buƙatar ruwan da hanyoyin da suke so a fara yashewa, da wuya a sallame su haka. Masu noman rani na Kadawa a jihar Kano suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke magana da yawunsu a gaban hukumar. Masuntan ƙasan kogi ma suna buƙatar irin wannan baki, kuma lokacin zaman shi ne bazara, kafin sabon ruwa ya iso Auyo.